Ciwon Bayan Da Muka Shirya Wa Folajimi

"Anti Sikira, in Baami ya karɓi wasiƙar gidan su Rasaki ranar Lahadi, ku nemi inda za ku binne ni."

Da wannan maganar ƙanwata Ibidun ta tare ni ranar Alhamis da safe, tun ban ɗora ruwan amala ba. Idanunta sun kumbura, ɗankwalin ma a karkace yake.

Na ce, "Me ya rage a jikin naki da za a binne? Zauna ki ci abinci, kada ki ja mini zagi. A ce ƙanwar mai sayar da amala a gindin gadar Mokola ta rame haka, wa zai ƙara sayen abincina?"

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bencin masu cin abinci ta kifa kai tana kuka. Ni kuwa sai na waiga wajen teburin da ke maƙwabtaka da rumfata, inda mai laifin yake jera littattafansa kamar ba shi ya jefa mu cikin wannan hali ba.

Folajimi ke nan. Shekara huɗu muna maƙwabtaka, kuma zan faɗi gaskiya ko da ina jin haushinsa: ban taɓa ganin mai sana'a irinsa ba. Littattafan gwanjo yake sayarwa, irin waɗanda ake kawowa cikin kwalaye daga ƙasashen waje, na gyaran hali, na shugabanci, na sanin zuciyar ɗan Adam, da na yadda mutum zai fito da sabuwar dabara. Sauran masu sayarwa bango kawai suke kallo su yanka farashi. Shi ba ya ɗora littafi a tebur sai ya karanta shi daga farko har ƙarshe. Na sha ganin mutum ya ɗauki mai kauri mai tsada, Folajimi ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya karɓe ya ba shi wani ɗan siriri mai araha ya ce, "Wannan ne naka." Da la'asar kuwa direbobi da masu gyaran taya sukan kewaye shi, yana fassara musu babi guda da Yarbanci, ana gardama ana shewa.

Ni kaina na ci moriyarsa. Akwai lokacin da ciniki ya guje ni, har na fara zargin maƙiya. Ya ce in zauna a bencin masu saye daga azahar zuwa la'asar in ga abin da suke gani. Na zauna ina tsaki. Ban yi rabin sa'a ba hayaƙin murhuna ya cika mini ido da hawaye. Washegari na juya murhu, mutane suka dawo.

Ibidun kuwa sau biyu ta faɗi jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, ta shige ɗaki ta ce ita ƙwaƙwalwarta ba ta ja. Folajimi ne ya aika mata wani littafi ta hannuna, daga nan ta soma zuwa da kanta tana karɓar wani. A karo na uku ta ci. Ni ina can ina tuƙa amala, ashe wani abin daban ake tuƙawa a bayana.

To, wannan mutumin mai hankali shi ne ya je gidanmu na unguwar Beere kwana tara da suka wuce ya tafka abin da ko yaron goye ba zai yi ba.

Ranar ce ta farko da zai gaida mahaifinmu, Alhaji Raufu, wanda muke kira Baami. Baami yana zaune a baranda da ƙannensa biyu. A al'adarmu ta Yarbawa, kowa ya san abin da namiji yake yi in ya zo gaban surukinsa: ya zube ruf da ciki, ƙirji a ƙasa, har sai an ce ya tashi. Folajimi ya shigo cikin kwat, ya tako a miƙe, ya kalli Baami ido cikin ido, ya miƙa masa hannu, ya ce, "Alhaji Raufu, na yi farin cikin haɗuwa da ku."

Har da kiran suna!

Baami ya daɗe yana kallon hannun nan, sannan ya juya wajen ƙofa ya ce, "Ku kawo wa baƙo buta, da alama hannu yake son wankewa." Ya tashi ya shige ɗaki.

Kafin mako ya zagayo Baami ya ba Alhaji Busari, shugaban mahauta na kasuwar Bodija, ranar da za su kawo wasiƙar neman aure wa ɗansa Rasaki. Rasaki ba mugu ba ne, kuma a fagen gaisuwa ba shi da na biyu. Ko a waya yake gaida Baami, ana jin ƙarar faɗuwarsa ƙasa. Sai dai Ibidun ba ta son sa, ko kaɗan.

Mahaifiyarmu ce ta nemo mafita. Kwana uku Maami tana lallaɓa Baami, ta bi ta nan ta bi ta can, har ranar Laraba ya ce, yana kallon bango, "In akwai dalilin da ya hana yaron kwanciya, a kawo dalili gaban 'yan'uwana." Wanda ya san Baami ya san ma'anar wannan. Kukan 'yarsa ya dame shi, yana son hanyar saukowa wadda ba za ta zubar masa da girma ba. Ni da Maami muka zauna muka haɗa dalilin tsaf.

Na yafito Folajimi. Ya zo ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya tsaya yana kallon Ibidun, fuskarsa duk ta faɗa.

Na ce, "Buɗe kunnenka, Malam Mai Littafi. Gobe bayan sallar Juma'a za ka zo gida da babban mutum daga danginku. Baami zai tambaye ka ko gaskiya ne ranar nan bayanka ke ciwo. Sai ka ce e, kwalin littattafai ka ɗaga bayan ya riƙe, ba ka iya sunkuyawa. Ibidun ta karanci aikin jinya, za ta shaida. Shi ke nan. Kalma ɗaya."

Ya kau da kai yana kallon teburin littattafansa.

"Ba ka ji ba ne?"

"Na ji, Anti. Baba ya san ba gaskiya ba ne?"

"Ya sani mana! Kowa ya sani. Ƙannensa ma sun sani. Ƙofa aka buɗe maka, kai dai ka shige."

Ibidun ta ɗago kai, hawaye shaɓe-shaɓe. "Folajimi, don girman Allah. Ni na jawo. Ni na karanta maka babin nan na littafinka mai cewa a gaisa a tsaye, ni na tsaya a matsayin Baami kana gwada miƙa mini hannu muna dariya. Na ɗauka zai ga kai daban ne da sauran. Ka bar ni in gyara abin da na ɓata."

"Ba ke kika miƙa hannun ba, Ibidun."

"To ni zan kwana a gidan Rasaki ko kai? Ka san abin da nake ji in na tuna? Numfashina ɗaukewa yake. Kai ka fito da ni daga ɗaki lokacin da na yanke ƙauna da kaina. Yanzu kuma kalma ɗaya ce za ta gagare ka saboda ni?"

Ya durƙusa a gabanta, a nan cikin tokar murhuna, bai damu da masu wucewa ba. Ya ce, "Kwana tara ban iya karanta shafi ɗaya ba. In na buɗe littafi fuskarki nake gani. Kada ki taɓa zaton akwai abin da ya fi ki a wurina."

"To ka yi mini alkawari."

"Zan zo gobe. Zan yi duk abin da zan iya."

Na ɗauki wannan a matsayin amincewa. Har na ciro kwalbar man zafi daga jakata na danƙa masa, na ce ya shafa da yawa yadda warin zai riga shi shiga baranda. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Washegari na rufe rumfa da wuri na nufi Beere. Maami ta sa an share baranda an shimfiɗa tabarmi. Baami ya dawo daga masallaci ya zauna a kujerarsa, ƙannensa biyu a gefe. Mu mata muka tsaya daga bakin ƙofar falo, Ibidun tana riƙe da hannuna.

Folajimi ya iso da wani kawunsa, tsoho mai sanda. Babu kwat yau, riga da wando na atamfa ya sa da hula. Tun daga bakin matakala ya cire takalmi, ya yi taku uku, ya zube ruf da ciki, goshinsa har yana taɓa siminti. Kwanciya ce mai kyau, ko Rasaki sai haka.

Na buɗe hanci na shaƙa. Babu warin man zafi.

Kawun ya yi doguwar gaisuwa, ya ba da haƙuri, ya yabi gidanmu tun daga kakanni. Baami yana gyaɗa kai. Da tsohon ya gama, sai ya yi gyaran murya ya dubi wanda ke kwance.

"Yaro, an gaya mini wai ranar da ka zo bayanka ke ciwo. Haka ne?"

Ibidun ta matse hannuna har na ji zafi.

"A'a, Baba. Lafiyata lau ranar."

Maami ta ce, "Innalillahi!" Kawun ya saki sandarsa ta faɗi. Ni kuwa da akwai muciya a kusa, wallahi da na sauke masa ita a bayan nan, ya sami ciwon na gaskiya.

Baami ya sunkuyo. "Ban ji ba. Kunnena ya tsufa. Na ce, bayanka ke ciwo?"

Ka ji dattijo! Ya sake buɗe masa ƙofar a karo na biyu, a gaban ƙannensa.

"Baba, ku gafarce ni. Ba abin da ke ciwo. Da gangan na ƙi kwanciya."

"Da gangan."

"E, Baba. Tsoro ne ya sa ni. Ni mai talla ne a gindin gada, ba ni da uba a raye, ba ni da shago mai ƙofa. Na ji tsoron in na kwanta a gabanku za ku ga ba kowa ba ne, ku tsallake ni. Sai na karanta a wani littafi cewa wanda ya tsaya a miƙe ya kalli mutum ido cikin ido ba a raina shi. Na riƙe wannan."

Ƙanen Baami na biyu, Baba Lamidi, wanda ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce, "Kun ji ko? Littattafan Turawa sun cinye masa kai. A ƙone su kawai!"

Folajimi bai ɗago ba ya ce, "Baba, littafin bai yi laifi ba. Shafi biyu gaba ya ce kafin ka shiga wurin mutane ka san abin da suke girmamawa. Na karanta wurin, na tsallake shi, don na riga na sami abin da zuciyata ke son ji. Ni da nake gaya wa mutane kullum su karanta har ƙarshe. Laifina ne ni kaɗai."

Fuskar Baami ta yi kicin-kicin. Na san wannan fuskar tun ina yarinya, kuma ba alheri take kawowa ba.

"Kai yaro, ka san abin da ka yi yanzu? Na buɗe maka ƙofa sau biyu, ka rufe ta a fuskata gaban 'yan'uwana. Rannan ka raina ni a tsaye, yau ka raina ni a kwance."

"Ba raini ba ne, Baba." Ina ganin hawayensa yana ɗiga a siminti. "Na kwana ina gwada faɗin kalmar nan, ta ƙi fita. In na shiga gidanku da ita, duk ranar da na zo gaishe ku za ku tuna surukinku maƙaryaci ne, kuma ku kuka taya shi. Ibidun ma za ta sani. Ranar da na gaya mata wata magana mai nauyi, da me za ta yarda da ni? Ina son ta, Baba, Allah ya sani. Ban san yadda zan rayu ba in kun ba wani. Amma in za ku ba ni ita, ku ba wa mutumin da ya yi wautar nan ya kuma amsa ta. Ba ni da wani mutumin da zan kawo muku."

Ban san lokacin da haushin ya bar ni ba. Na tsaya ina kallon bayan rigarsa yana hawa yana sauka, sai na ji kunya ta rufe ni, ni da kwalbar man zafina. Shekara huɗu ina jin sa yana gaya wa direbobi cewa shugaba shi ne mai ɗaukar laifinsa da kansa, ina ɗauka zancen talla ne. Ga shi yau ya ɗora abin da ya fi so a duniya a kan maganar. Raina ya ba ni cewa ko Baami ya kore shi, na ga namiji.

Ibidun ta fizge hannunta daga nawa. Kafin Maami ta riƙo ta, ta fita baranda ta zube a kan gwiwoyinta kusa da shi.

"Baami, ba shi kaɗai ba ne. Ni na karanta masa babin, ni na zuga shi. Jiya ma ni na roƙe shi ya yi muku ƙarya, har na yi shirin shaidar zur." Kuka ya ci ƙarfinta, da ƙyar ta ƙarasa. "Ku yafe mini. Ba zan saɓa muku ba, in kun ce Rasaki, zan tafi. Amma ku sani gangar jiki za ku kai musu."

Baami ya dube ta, ya dubi Maami, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena kamar 'yar shekara bakwai.

Ana jiyo mai tallan burodi daga titi.

Can Baami ya ce, "Tashi zaune, yaro."

Folajimi ya tashi ya durƙusa, goshinsa da ƙura.

"Shekarata saba'in da ɗaya. Ban taɓa ba mutum rana na janye ba. Na gaya wa Alhaji Busari ya zo jibi Lahadi, ya riga ya gayyaci danginsa, an ce har saniya ya ware. Ba zan aika masa cewa na fasa ba, kuma ba zan ƙirƙiro masa ciwon baya ba, tunda ka nuna mana ba a yin haka."

Baba Lamidi ya soma dariya, Baami ya harare shi ya haɗiye ta.

"Kai da gaskiya ba ta yi maka nauyi a baki, tashi ka je Bodija. Ka sami Alhaji Busari a cikin mutanensa, ka gaya masa ko kai wane ne, da abin da ke tsakaninka da yarinyar da zai nema wa ɗansa. Ba aike, ba rakiyar dattijo. In ya sake ni daga maganata da bakinsa, ka turo danginka da wasiƙa. In bai sake ni ba, ranar Lahadi zan karɓi tasa, kuma kada in ƙara ganin ƙafarka a unguwar nan."

Maami ta dafe ƙirji. "Alhaji! Busari fa kuka ce? A cikin mahauta? Mutumin da ya kori ɗan cikinsa daga kasuwa saboda ya mayar masa da magana? Yanka yaron nan za su yi!"

"Ban tilasta shi ba," in ji Baami. "Yana iya komawa gindin gadarsa."

Ibidun ta juya ta kama hannun rigar Folajimi, a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Kada ka je yau. Ka bari zuwa gobe, mu nemi wanda zai fara yi masa magana, mu san yadda za a..."

"In na kwana, tsoro zai sake ba ni shawara," ya ce da ita a hankali. "Kin ga inda shawararsa ta kai mu."

Ya zare rigarsa daga hannunta, ya sake kwanciya ya yi wa Baami godiya, ya tashi ya ɗauko wa kawunsa sandarsa. A bakin matakala ya tsaya yana sa takalmi. Ya ɗago ya dube ni.

"Anti Sikira, ƙarfe nawa mahautan Bodija suke tashi ranar Juma'a?"

Na dubi agogon falo. Huɗu saura kwata.

Na ce, "Biyar. In ka sami mota a bakin titi yanzu, za ka same shi bai wanke wuƙa ba."

Ya gyaɗa kai, ya sauka matakalar, ya fita.